Kujerar da Ta Kusa Mayar da Ni Daura

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Wadda ta shigo aron taɓarya sai ta nemi wuri ta zauna, wadda ta zo gaisuwa sai ta ce, "Inna Abu, wai da gaske ne abin da ya same ki a mota?" Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma kowace in ta fita sai ta ƙara masa nata. Shekaranjiya na ji an ce wai wuta ce ta kama zanena. Shi ya sa na kira Malama Rabi maƙwabciyata, tunda ni ko sunana ban iya rubutawa ba, na ce ta zauna ta rubuta shi yadda ya faru, mai so a karanta mata.

Maigidana Malam, Allah ya ji ƙansa, direba ne. Shekara arba'in da 'yan kai yana bisa titi. Ni ban shiga motarsa ya fi a ƙirga da yatsu ba, amma na san mota daga bakinsa, don ba ya cin tuwo sai da labarin hanya. Yanzu in na zuba tuwo shiru ne kawai ke amsa mini. Har yau ina kuka, ba na ɓoyewa. Wani lokaci in na ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida sai in tarar har na miƙe.

Kwana biyu kafin ya cika ya ba ni saƙo. Yana da yaya, Yaya Dije, wadda aure ya kai Damagaram tun muna da ƙuruciya. Shekara goma sha ɗaya ba ta yi masa magana ba, saboda lokacin da mijinta ya rasu Malam bai je ba, ba a jana'iza ba, ba a sadakar uku ba. Shi kuwa ya ƙi faɗin ainihin dalili, ya hana ni faɗa. Sai da ciwo ya kwantar da shi ya riƙe hannuna ya ce, "Ki je da ƙafarki ki gaya mata gaskiya, ki roƙar mini gafara. Kada ki aika, kada ki faɗa a waya." Yaya Dije ta haura tamanin, idonta ya tafi. Kullum ina takaba ina addu'a kada Allah ya ɗauke ta, ko ya ɗauke ni, kafin in sauke wannan kaya.

Da na fita takaba, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Saude, autata, ta ce mijinta zai kai mu. Baban Ummi, haka muke kiransa da sunan 'yarsu, malamin gona ne a Sandamu, mutumin kirki, kuma sati biyu ke nan da ya sayi mota 'yar Kwatano, baƙa, mai sheƙi. To ku kun san tsakanin mace da mijin 'yarta. Shekara tara yana aurenta ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In zan yi masa magana sai in ce, "Saude, ki gaya masa," ko da kuwa yana zaune kusa da ita.

Muka tashi da hantsi. Su biyu a gaba, ni a baya ta ɓangaren Saude, da ƙullin goro da turmin atamfa na tsaraba. Tun a gidan mai na gane shi ma mai motar bai gama saninta ba. Ya tsaya a jikin famfo, ya fita, ashe bakin tankin yana ɗaya gefen. Ya zagayo ya sake tsayawa, sai ga shi dai a baibai. Matar da ke zuba man ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, dubi wurin allurar mai. Ka ga hoton famfo? Ka ga 'yar kibiya a jikinsa? Inda ta nuna, nan bakin tankinka yake. Kusan kowace mota tana da ita."

Saude ta ce, "Kai da ka ce ka karance littafinta tas."

Ya ce, "Littafin da harshen Jamus aka rubuta shi. Hotunan na karance."

Na rufe baki da mayafi. A raina na ce, da Malam na nan da wannan kibiya ta ishe shi hirar sati guda.

A Mai'aduwa wata mata ta zo jikin mota da faranti na dafaffiyar gyaɗa sabuwar tonawa. Na so in saya. A motocin da na sani hannu ne ake murzawa gilashi ya sauka, wannan kuwa maɓallai ne jere a jikin ƙofa. Na danna na farko, shiru. Daga baya na ji ashe Baban Ummi yana da wani maɓalli a wurinsa da ya kulle tagogin baya saboda yara. Na danna na kusa da shi, mai hoton kujera da wasu 'yan layuka uku a lanƙwashe kamar hayaƙi. Wata 'yar jar fitila ta kama, gilashi dai bai motsa ba. Kafin in yi magana mun wuce mai gyaɗa. Na ɗora ƙullin goro a wurin, na haƙura.

Ba mu yi nisa ba na fara jin ɗumi a ƙuguna. Na ce ko zama ne. Na gyara. Ɗumin ya gangara ƙasa, ya bi cinyoyina, ya hau gadon bayana. Ga motar kuwa sanyi ƙalau, har Saude ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. Gabana ya faɗi, domin ciwon Malam da haka ya fara, zafi a ƙugu kamar an ɗora masa dutsen guga. Na ce shi ke nan, abin da ya ɗauke shi ya zo ɗaukata, kuma a hanya.

Na yi lissafi biyu. Na farko, wurin da zafin ya fi tsanani ba wurin da mace za ta ambata ba ne a gaban surukinta, ko da a kunnen 'yarta ne, don motar nan ba ta da ƙara, ko numfashi ka yi ana ji. Na biyu, na san Saude. Tun rasuwar ubanta ko tari na yi sai ta kira mai allura. In ta ji, za ta sa a juya Daura, kuma ba za a sake barina in yi doguwar tafiya ba. Na damƙe carbina na yi shiru.

Duk da haka idona na kan hanya. Wata akuya ta tsallaka a guje, na ji ya ƙara wuta tunda ta wuce. Na ce, "Saude, ki gaya masa ya sassauta, 'ya'yanta na baya." Ya taka burki, sai ga 'yan akuya biyu sun biyo ta daidai gaban taya. Ya ce, "Ki gaya wa Inna na gode." Malam ne ya koya mini. Ya kan ce akuya da yaro ba su tsallaka titi su kaɗai, tunkiya kuwa in ta ga mota sai ta bi 'yar'uwarta ko ina ta nufa, shi kuma jaki in ya tsaya a tsakiyar hanya kada ka ɓata odarka, ka kewaye shi ta bayansa.

Muka iso Kwangwalam, aka duba takardu, muka tsallaka wajen mutanen Nijar. Nan aka ce kowa ya sauko da katinsa. Na ji daɗi, don na ƙosa in raba jikina da zama. Na ja hannun ƙofa, ta ƙi. Na sake ja, ta ƙi. Su Saude sun riga sun yi gaba da takardun mota. Wani jandarma dogo siriri ya tsaya yana yi mini alama in fito, ni kuma ina yi masa alama daga ciki kamar kaza a akurki. Can ya sa hannu ta waje, ƙofa ta buɗe salin alin.

Ya ce, "Lahiya, tsohuwa? Wa ya kulle ki?"

Na ce, "Ɗan nan, ni ma ban sani ba."

Ya durƙusa ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a kaurin ƙofar, wurin da ba a gani sai an buɗe ta. Ya ce in an tura shi ƙasa ƙofa ba ta buɗuwa ta ciki, don kada yaro ya buɗe ana cikin gudu. Ya ɗaga shi sama da farce. Saude ta dawo ta tarar da mu, ta ce, "Ashe yau Inna ce Ummi." Jandarman ya yi dariya har ya manta bai karɓi katina ba, sai ni na miƙa masa.

Abin mamaki, ina tsayuwa a waje iska ta buge ni, zafin ya tafi. Na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu a gindin wata bedi, na gode wa Allah. Saude ta sayo mana burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa da tauri, ga ni da haƙora shida. Ta sayo cuku kuma, busasshen nonon nan nasu, wanda na ɗauka tabarmar faifai ce aka yayyanka. A can in za su ce lafiya sai su ce lahiya, man mota kuma sunansa isansi. Amma fuskokin duk namu ne. Mai sayar da burodin ma ta ce kakarta 'yar Mashi ce.

Muka koma mota. Ba a yi tafiyar minti goma ba zafin ya dawo, har ya fi na da. Gumi ya fara tsiyaya daga ƙarƙashin ɗankwalina. Na riƙa ɗaga ɓari guda ina sauke ɗaya kamar mai gasa masara. Na karanta duk abin da na haddace. Na fara tsara yadda zan bar wa Saude saƙon in abin ya zo, sai na tuna Malam ya ce in je da ƙafata. Hawaye ya zubo mini.

A madubi Baban Ummi ya gan ni. Ya ce a hankali, "Saude, dubi Inna."

Ta juyo. "Inna, mene ne? Kin jiƙe sharkaf."

"Ba komai. Tunanin babanki ne."

"Tunanin Baba ba ya sa gumi. Ina ke miki ciwo?"

"Na ce ba komai."

Ta miƙo hannu ta taɓa goshina, ta taɓa wuyana. Ta ce wa mijinta, "Juya kawai." Na ce in ya juya ban yafe ba. Ban taɓa yin magana mai nauyi haka a gabansa ba. Can ya ce, "Ki ba Inna haƙuri. Matamaye ta kusa. Mu tsaya asibiti a duba ta. In sun ce lafiya, mu wuce. In sun ce a koma, sai mu koma." Na san abin da za su ce. Wane likita ne zai ga tsohuwa tana gumi a cikin sanyi ya ce ta ci gaba da tafiya?

A shigar Matamaye ya tsaya tambayar hanyar asibiti. Wata mata ce a bakin titi, ƙaƙƙarfa, za ta yi sittin, da tabarau da jakar hannu, tana jiran motar Damagaram. Ta ce sunanta Madam Mariyama, unguwarzoma ce ta asibiti da ta ajiye aiki, kuma kwatance ba zai yi ba, a buɗe ta shiga ta kai mu. Ba ta jira an ce bismilla ba ta kama ƙofata. Na ja ƙullin goro na matsa ɗaya gefen, ta faɗa daidai inda na tashi.

Ko gyara zama ba ta gama ba ta zabura har kanta ya bugi rufi.

"Kai mai tuƙi, gasa mutane kuke yi a motar nan? Ɗuwawuna ya kusa nuna."

Kalmar da na yi awa biyu ina haɗiyewa, ita ta ajiye ta a tsakiyar mota kamar tana faɗin sunan kasuwa. Na ja mayafi na rufe fuska gaba ɗaya. Ta duba jikin ƙofa ta ce, "To ga shi, wa ya kunna wannan?" Ta danna, jar fitilar ta mutu. Ta ce motocin da ake kawowa daga ƙasashen ƙanƙara suna da waya a cikin kujera mai ɗumama mazauni, ta san shi tun a motar wasu likitoci Turawa da ta yi aiki da su. Sannan ta ɗaga mayafina ta dube ni ta saman tabarau.

"Hajiya, tun daga ina kike bisa wannan?"

Na ce, "Mai'aduwa."

"Kuma ba ki da baki?"

Na nuna ƙeyar direba da ido. Ta gane nan take. Ta ce, "Surukinki ne? Ku mutanen Daura, wato gara ki dahu da ya ji kina da abin zama. To ai ya sani, ta nan matarsa ta biyo."

Saude ta kife kai a gwiwa. Baban Ummi ya taka burki. Ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya fita, ya je ya tsuguna a wajen tayar baya wai yana duba iska. Ta gilashi ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa dariyar da ta zo mini ban yi irinta ba tun kafin Malam ya kwanta. Na yi har na shaƙe, daga nan ta juye kuka, ta sake komawa dariya. Madam Mariyama ta kama tsintsiyar hannuna tana kallon agogonta, ta ce, "Tsohuwar nan ta fi ku lahiya. Mu tafi."

Daga nan tafiya ta zama biki. Bayan Kance hadari ya sauko, gilashin gaba ya yi hazo ta ciki, ya ciro hularsa zai goge. Ta ce ya mayar da hularsa, ta nuna masa maɓallin da ke hura iska a jikin gilashin, ta ce ya bar na'urar sanyi a kunne. Kafin a ce me, ya washe. Da muka bi bayan wata gingimari mai baƙin hayaƙi ta sa ya danna wani mai hoton mota da kibiya a naɗe a cikinta, wari ya daina shigowa. Ta ce shekara ashirin tana gaban motar asibiti, direbobi huɗu ta ga bayansu. Na ce mata Malam in ruwa ya sauko kuma waifa ta mutu, albasa yake yankawa ya goga a gilashi. Ta ce nasu direban ganyen taba yake gogawa. Muka raba burodin nan, ta nuna mini yadda ake jiƙa shi a shayi don masu irin bakina.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar. Ita ta raka mu har unguwar, ta sauka ta ba Saude lambarta. Gidan Yaya Dije na ƙasa ne, mai zanen fure a fuskar zaure. Matar ɗanta ta tarbe mu, ta ba ni ɗakinta, ta kawo fura da dambun zogale wanda ya sha ƙuli fiye da namu. Su kuma shayinsu sau uku ake zuba maka a ɗan kofi kamar murfin kwalba, in ka tashi a na biyu ka yi rashin kirki. Yaya Dije tana zaune a kan gadonta na ƙarfe, ta ƙanƙance, amma muryar tana nan. Ta amsa gaisuwata, ta ce, "Ya haƙuri?" sau ɗaya, ba ta ambaci ƙanenta ba. Ta tambayi damina, ta tambayi Saude 'ya'ya nawa. Na kasa ɗauko maganar da ta kawo ni. Saude ce ta ga shirun ya yi yawa ta ba da labarin kujera. Yaya ta danne, ta danne, daga baya ta saki dariya har tana neman ruwa. Ta ce, "Zainabu, har yanzu ba ki da wayo."

Washegari da hantsi, bayan an karya, na roƙi a ba mu wuri. Na sauka ƙasa na zauna a gabanta, na dafa ƙafarta.

Na ce, "Yaya, aiko ni aka yi."

Ta ce, "Na sani. Faɗi."

Na gaya mata. Ranar da labarin rasuwar mijinta ya iso, Malam ko karyawa bai yi ba ya ɗauki mota. Gudun da bai taɓa yi ba ya yi. Kafin Kance fanbel ya tsinke, lagireto ya tafasa. Shi da ya koya wa direbobi ba adadi cewa ba a buɗe murfin lagireto da zafi, a jira ya huce ko da awa guda ne, ranar bai jira ba, don yana so ya sami jana'iza. Ruwan ya feso masa daga tsintsiyar hannu har kafaɗa, da gefen wuya. Kwana huɗu yana kwance a wani ƙauye bai san inda kansa yake ba. Da aka kawo shi gida ya ce in aka ji a tasha cewa lagireto ya ƙona shi kamar sabon shiga, ya gama direba. Ya sa aka aika mata cewa mota ce ta lalace. Ita kuma ta aiko cewa mai motoci a hannu ba ya rasa ta hawa. Da ya warke kunyar ƙaryar ta hana shi zuwa, shekara ta bi shekara. Tun daga ranar bai sake sa riga mai gajeren hannu ba.

Na ce, "Ya ce in gaya miki ya taso. Ya ce ki yafe masa."

Ta juyo da fuskarta wajena. Sannan ta ce, "Wane hannun?"

"Na dama."

"Shi ne wanda ya karya yana shekara bakwai. Daga kan kanya ya faɗo. Kwana biyu yana ɓoye shi a cikin riga don kada a ce bai iya hawa ba, sai da ya kumbura na gani. Ni na goya shi zuwa wurin maɗori." Ta lalubo kaina ta dafa. "Wawan yaro. Da ya zo ai da ni zan yi masa jinya."

Ta ce, "Na yafe masa duniya da lahira. Ni fa, Zainabu? Ya tafi da ni a ransa?"

Na ce, "Ya ce in kin tambaya in ce miki bai taɓa riƙe ki ba."

Nan ta kira sunansa na yara, wanda ni ma ban taɓa ji ba, muka rungume juna muka yi kukan da ya kamata mu yi tare tun wata biyar da suka wuce. Da muka gaji ta share fuska, ta ƙwala wa matar ɗanta kira ta ce a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a gaya wa maƙwabta ƙanenta ya rasu, yau za ta karɓi gaisuwa.

Mata suka cika gidan har zaure. Ni da ita muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa ta shigo sai Yaya ta ce, "Ƙanena ne, direba ne, duk hanyar nan ba wanda ya kai shi." Allah ya kai haske kabarinsa, ya haɗa su a inda ba a ɓoye ciwo.